Rabon gadon Baba ne ya mayar da ni ajin lissafi

Hatsi nake sayarwa a kasuwar Dawanau, kuma duk wanda ya zauna a rumfata na awa ɗaya zai rantse an haife ni da lissafi a ka. A faɗi kuɗin kwano, in faɗi kuɗin buhu mai kwano 40, in cire ladan dillali da na 'yan dako da kuɗin mota, kafin yaron shago ya gama danna wayarsa. Amma a takardar sakamakon sakandare da na karɓa a 1996, abin da ke gaban lissafi F9 ne, faɗuwar da babu ta ƙasa da ita. Shekara da shekaru ina ɗauke da waɗannan abubuwa biyu ban taɓa tambayar kaina yadda aka yi suka haɗu a mutum ɗaya ba. Na ɗauka lissafin kasuwa daban, na makaranta daban, kuma na makarantar Allah bai yi ni don shi ba.

A firamare ban sha wuya ba, domin waƙa ce: biyu sau biyu huɗu, biyu sau uku shida, muna rerawa muna kaɗa kai. Da muka shiga ƙaramar sakandare aka kawo firakshan, a nan ƙasa ta zame min. Malaminmu yakan juya mana baya ya cika allo da Turanci, ya ce a nemo LCM, mu kwafa. Ban san mene ne shi ba, ban san abin da ya sa ake nemansa ba, kuma a lokacin Turancina bai kai in haɗa tambayar ba ko da ina da ƙarfin halin yin ta. Wani ɗan ajinmu ya taɓa tambayar me ya sa idan za a raba firakshan da firakshan sai an kifa na biyun sannan a ninka. Aka ce masa haka dokar take. Da safe kuma akwai tambayoyin ka, a tsaye, duk wanda ya faɗi ya miƙa hannu. Na ƙware wajen zama a bayan dogon yaro. Yanzu da na girma ba na riƙe malamin a zuciya, don na tabbata shi ma haka aka koya masa, ga aji cike maƙil, ga albashin da ba ya kai wata. Amma abin da ya koya min da gaske shi ne faɗuwar gaba idan na ga lamba a kan lamba da layi a tsakani.

Da sakamako ya fito Baba bai yi faɗa ba. Ya ce tunda boko ya ƙi, ga rumfa. Shi kansa bai taɓa zama a benci ba, ƙidayarsa irin ta dā ce, talatin ba biyu, ɗari ba biyar, naira 200 kuma jaka yake ce mata har ya koma ga Allah. A wurinsa na koyi duk abin da nake ci da shi yau.

Ya rasu a 2017, Allah ya jiƙansa. Ya bar mata biyu, Inna da ta haife ni da abokiyar zamanta da muke kira Umma, ya bar mahaifiyarsa Hajiya da ranta, ya bar mu maza uku mata huɗu. Bayan an share makoki aka yi wa gidaje da gona da kayan rumfa kuɗi, aka kira Malam, dattijon unguwarmu da ke karantar da Risala a zaurensa tun muna yara. Ya zo da biro da wata tsohuwar kalanda da ya juya bayanta. Ya fara da tambayar kuɗin likkafani da jana'iza, sai bashi, sai wasiyya, ya tuna mana cewa wasiyya ba ta wuce sulusin dukiya. Da aka cire waɗannan, abin da ya rage, in na zagaye shi don sauƙin bayani, naira miliyan 12 ne.

Sai ya ce matan aure suna da sumuni, ɗaya bisa takwas, su raba tsakaninsu, tunda mamaci ya bar 'ya'ya. Hajiya tana da sudusi, ɗaya bisa shida. Sauran na 'ya'ya ne, namiji rabon mace biyu, kamar yadda ya zo a aya ta 11 da ta 12 a Suratun Nisa'i. Ya rubuta 24 a saman takarda ya ce wannan ne asalin mas'ala: mata 3, uwa 4, saura 17. Ya ɗan yi shiru yana motsa leɓe, ya soke, ya rubuta 240. Kowace mata 15, Hajiya 40, kowane namiji 34, kowace mace 17. Kaso ɗaya naira dubu 50. Ya karanto kuɗin kowa, aka ce Alhamdulillahi, aka shafa fatiha.

Da dare Umma ta aiko a kira ni. Tana zaune a bakin gado da takardar da aka kwafa mata, 'ya'yanta mata biyu ƙanana suna barci a bayanta. Ta ce, "Yayansu, kai ne ka yi boko a gidan nan. Ba wai ina zargin Malam ba ne. Amma an ce takwas, an ce ashirin da huɗu, sai kuma na ji ɗari biyu da arba'in. Duba min, hakkin marayun nan ne." Na karɓi takardar na zuba mata ido. Na iya tabbatar mata cewa kuɗin sun haɗu sun ba da miliyan 12, wannan aikina ne na kullum. Amma daga ina 24 ta fito, me ya mayar da ita 240, ban sani ba. Na ce mata daidai ne saboda na yarda da Malam. Ta ce to, ta ninke takardar ta sa ƙarƙashin filo. Ta yarda da ni, ni kuma na fita da nauyin na ba da shaida a kan abin da ban gani ba.

Washegari bayan sallar asuba na tsaya har mutane suka watse.

"Allah gafarta Malam, ina ashirin da huɗun nan ta fito?"

Ya dube ni ya yi murmushi. "Alhaji, in an ba ka hatsi a ce ka fitar da ɗaya bisa takwas, ka kuma fitar da ɗaya bisa shida, ba a yarda ka fasa kwano ba, kwano nawa ne mafi ƙaranci da za ka auna?"

Na gwada 12, takwas ta ƙi. Na gwada 16, shida ta ƙi. Na ce 24.

"To ka gama. Ita ce."

Ya ci gaba: uku ba ta rabuwa ga mata biyu, 17 ba ta rabuwa ga kawuna goma, domin maza uku kawuna shida ne, mata huɗu kawuna huɗu. Sai a nemi ƙaramar lambar da biyu da goma duk suke shiga, goma ke nan, a ninka komai da ita. Wannan shi ake kira tas'hihi. Ina tafiya gida abin ya faɗo min: ƙaramar lambar da lambobi biyu duk suke raba ta ba saura. Wannan fa shi ne LCM ɗin da aka dake ni a kansa. Dattijon da bai taɓa riƙe littafin boko ba ya koya min shi a tsaye a ƙofar masallaci, da Hausa, kafin rana ta fito.

Daga nan na fara zama a zaurensa tsakanin magariba da isha'i, babin gado kawai. Rabe-raben da Alƙur'ani ya ambata shida ne: rabi, rubu'i, sumuni, sulusi biyu, sulusi, sudusi. Asalin mas'aloli kuma bakwai: 2, 3, 4, 6, 8, 12 da 24. Na haddace su a zama ɗaya, ni da aka ce ba ni da kan lissafi. Abin da ya kama ni da gaske, wanda har ya hana ni barci, shi ne auli, wato idan rabe-raben magada sun haɗu sun zarce dukiyar. Malam ya ce mace ta rasu ta bar miji da 'yan'uwa mata shaƙiƙai biyu. Miji rabi, su kuma sulusi biyu. Asali shida: miji 3, su 4. Na ce Malam ai bakwai ke nan, dukiyar kuma shida ce. Ya ce haka sahabbai ma suka tsaya a zamanin Sayyidina Umar, har aka daidaita a kan a mayar da asalin bakwai, ragin ya hau kan kowa gwargwadon rabonsa, ko da yake Ibn Abbas yana da nasa ra'ayin daban. Shida tana hawa zuwa 7, 8, 9 da 10. Sha biyu zuwa 13, 15 da 17. Ashirin da huɗu sau ɗaya take hawa, zuwa 27, a mas'alar mata da 'ya'ya mata biyu da uwa da uba: 3 da 16 da 4 da 4. Ita ce ake ruwaito cewa an tambayi Sayyidina Ali yana kan mumbari ya amsa nan take cewa sumuninta ya koma ɗaya bisa tara. Na koma gida na zauna da takarda: uku bisa 27, a raba sama da ƙasa da uku, ɗaya bisa tara. Na tashi matata daga barci don in nuna mata. Ta ce in bari sai da safe.

Kafin a gama sayar da gidaje Hajiya ma ta rasu, sai ga abin da ake kira munasaha, magaji ya mutu kafin a ba shi rabonsa. Ta bar Baffa da gwaggonninmu biyu. Malam ya miƙo min biro ya ce in yi. Kaso 40 ɗinta, kawuna huɗu: Baffa 20, kowace gwaggo 10. Mu jikoki ta wajen Baba ba mu da komai a ciki, Baffa ya katange mu, kuma ni na faɗa wa ƙannena haka da bakina, na nuna musu dalili. Ranar na koma ɗakin Umma da tsohuwar takardarta na bi mata ita layi-layi da ƙwayar wake a faranti, 240 cif, ta ƙirga na 'ya'yanta da hannunta.

Gonar ce ta kai ni ga awo. An yanka ta filoti-filoti, wani dillali yana ta nanata wa ƙanena cewa fili ƙafa 50 a 50 rabin mai ƙafa 100 a 100 ne, kuma kowa a wurin ya gyaɗa kai, har da ni da farko. Da na zana a ƙasa da tsinke sai ga murabba'i huɗu a cikin babban. Dubu biyu da ɗari biyar a cikin dubu goma, rubu'i ne. Ba na jin mutumin da gangan yake, haka kunne ke jin abin. Amma ina mamakin filaye nawa aka yi cinikinsu a garin nan a kan wannan jin.

Zuwa lokacin babbar 'yata tana aji biyu na babbar sakandare, sai na fara ɗaukar littafinta idan ta yi barci. Ta kama ni wata rana, ta ce, "Abba, in kana so mu riƙa yi tare." Da farko na ji nauyi, daga baya na ga ba ni da wani malamin da ya fi ta kusa. Na fara da tsohuwar tambayar ɗan ajinmu, ta kifa firakshan. Ita ma ta ce haka aka koya musu. Muka zauna a kai har na gano da kaina: in kana da kwano uku na gero kana sayarwa rabi-rabi, mutum nawa za su samu? Shida. Raba uku da rabi daidai yake da ninka uku da biyu, saboda kowane kwano yana ɗauke da rabi biyu. Shi ke nan dokar. Abin da zai ɗauki minti biyu a faɗa wa yaro.

Sai x, dodon da ya kore ni gaba ɗaya a dā. Ta ƙirƙiro min tambaya da kayan sana'ata: an sayi buhu 30, masara da gero a haɗe, masara dubu 40, gero dubu 50, an biya miliyan ɗaya da dubu 320, buhun masara nawa ne? Kafin ta ɗora biro na ce 18. Ta ce ta yaya? Na ce da duka gero ne da kuɗin miliyan ɗaya da rabi ne, an samu ragin dubu 180, kowane buhun masara yana rage dubu 10, to 18 ke nan. Ta rubuta nata da x, layi huɗu, sai na ga kowane layi nata mataki ne da na taka a kaina, ita dai ta ba abin da ba a sani ba suna ta ajiye shi a takarda don kada ya ɓace. Amfanin hakan ya fito ne da ta ƙara wake a cikin tambayar, kaina ya cika ya kasa riƙewa, takardarta kuwa ko a jikinta. Daga baya wani malamin lissafi da ke sayen hatsi a wurina ya gaya min cewa Alkhawarizmi, wanda ya rubuta littafin da wannan fanni ya ginu a kansa a Bagadaza wajen shekara ta 820, zamanin halifa Ma'amun, ya ware babban sashe na littafin ga mas'alolin gado da wasiyya. Wato ƙofar da na shigo ta ita ce tsohuwar ƙofar gidan. A makaranta babu wanda ya taɓa ambata mana haka, kuma ina ganin da an ambata, da yawa cikinmu da muke zuwa makarantar allo da yamma da mun saurara da wani kunnen.

Kowa na gaya wa sai ya ce gemu ba ya hana ilimi. Gaskiya ne, amma gemu yana da hidima. Ga rumfa, ga iyali, ga kaka idan ta zo motoci suna sauke kaya har dare. Ƙwaƙwalwa ma ba ta riƙe hadda kamar ta yaro, abin da na karanta ranar Asabar sai in neme shi ranar Talata in rasa. Sai dai babba yana da abin da yaro ba shi da shi: ba mai dukansa, ba mai yi masa dariya in ya tsaya mako guda a shafi ɗaya, kuma yana da damar cewa ban gane ba, a sake. Na lura duk abin da na san dalilinsa ba ya gudu, wanda na haddace kawai shi ke gudu. Na shiga ajin yamma na manya, inda na tarar da tela da direban tirela da wata ma'aikaciyar jinya da ke neman kiredit don ƙarin karatu. Telan ya fi mu duka gane kusurwa da da'ira, direban kuma ba a kama shi a lissafin gudu da nisa. Kowa da ɓangaren da sana'arsa ta riga ta koya masa ba da saninsa ba. A 2022 na zauna jarrabawar WAEC ta masu zaman kansu, a tsakiyar yaran da na girmi iyayen wasunsu, mai gadin ɗakin ma ya ɗauka rakiya na yi. Na samu C5. Takardar ba za ta ƙara min ko kwano ɗaya a ciniki ba, tana cikin akwati tare da ta 1996.

Mutanen unguwa yanzu sukan kawo min lissafin gado, musamman da Malam ya tsufa idonsa ya yi rauni. Nakan yi musu ninkawa da rabawa, amma wane ne magaji, wa ya katange wa, wannan hukunci ne, nakan tura su wurinsa ko wurin alƙali. Zakkar amfanin gona ma haka, ushuri ga noman damina, rabin ushuri ga na rani da aka sha wahalar ban ruwa, 'yan kasuwa da dama a layinmu ni ke buga musu.

Abin da ban zata ba shi ne in wayi gari ina son lissafin da ba ya da wani amfani a gare ni. Malamin nan mai sayen hatsi ne ya jawo, da ya ba ni labarin Muhammadu ɗan Muhammadu Alfulani Alkatsinawi, malamin Katsina da ya tafi aikin hajji, ya rubuta littafi da Larabci a 1732 a kan yadda ake gina hatimi mai gidaje mara, irin uku a uku ko biyar a biyar, ya rasu a Alƙahira a 1741. Hatimi dai na san shi tun ina yaro a hannun masu rubutun sha, kuma na san malamai da yawa ba sa son abin da ake yi da shi. Ni lambobin kawai suka dame ni. Gida tara, a zuba 1 zuwa 9, kowane layi a tsaye, a kwance da a karkace ya ba da 15: 4, 9, 2 a sama, 3, 5, 7 a tsakiya, 8, 1, 6 a ƙasa. Me ya sa 15? Saboda 1 zuwa 9 in an tara 45 ne, layi kuma uku. Mai biyar a biyar 65 yake bayarwa, mai bakwai a bakwai 175. Akwai hanyar da na koya ta cika su: ka sa 1 a tsakiyar layin sama, ka riƙa hawa sama ta dama, in ka fita daga hatimin ka shigo ta ɗaya gefen, in ka tarar da gida a cike ka sauko ƙasan inda kake. Da ita nakan cika mai tara a tara a bayan rasit kafin a gama loda mota, yaran shago suna leƙe suna cewa Alhaji ya fara tsubbu.

Hanyar ba ta aiki a gidaje masu cika. Mai huɗu a huɗu na sha fama kafin na samo shi, kowane layi 34. Yanzu mai shida a shida ne ya tsaya min a wuya. Na san jimillar da nake nema: 1 da 36, 2 da 35, haka har ƙarshe, tagwaye 18 kowanne 37, ya zama 666, a raba gida shida, 111. Layukan kwance da na tsaye sukan fito min, na karkace ɗaya kullum sai ya ƙi. 'Yata, wadda yanzu take jami'a, ta ce amsar tana cikin wayarta, daƙiƙa biyar ta nuna min. Na ce in ta kuskura ta nuna min, ta nemi mai biya mata kuɗin mota na zangon karatu mai zuwa.